Fitila ta ƙi kamawa, hon ya yi shiru: wai laifin ƙwai ne, wayarin ne, ko mai gyara?

Wai me ya sa mutum zai canza ƙwan fitilar mota yau, bayan sati biyu ya ƙone, ya sake saye ya sake ƙonewa, har ya fara zargin mai shago cewa jabu yake ɗora masa? Me ya sa hon zai yi ƙara lafiya lau da safe a ƙofar gida, amma da ka shiga cunkoso, lokacin da mai adaidaita ya yanko maka, sai ka danna ka ji tsit? Kuma duk lokacin da aka ga mota ta kama da wuta a titi, kafin ma a gama watsa mata ƙasa jama'a sun yanke hukunci, "ai rewaya ne ya yi mata haɗin gambiza." Shin gaskiya ne laifin rewaya ne, wato mai gyaran wutar mota, ko dai mai motar ma yana da nasa kason? Da damina ta kankama wannan ƙorafin yake ƙaruwa, kuma abin da na lura shi ne yawancin kuɗin da ake kashewa a kan fitila da hon ana kashe su ne wajen sayen abin da bai lalace ba, saboda ba a tsaya an bi wutar an ga inda ta tsaya ba.

Wuta ba ta aiki sai ta je ta dawo

Ƙaramar mota da bolt 12 take aiki, manyan motoci irin su tirela da tanka yawanci 24 ne. Wutar tana tasowa daga kan batir mai alamar +, ta bi ta fiyus, ta bi ta makunni ko riley (wani ɗan makunni da wuta ke kunnawa), ta shiga ƙwan fitila ko hon, sannan dole ta koma batir ta ɗaya kan mai alamar −. To a nan mutane da yawa suke ɓata, domin masu ƙera mota ba su ja waya ta biyu daga kowace fitila zuwa batir ba, sai suka ɗaure kan negetib ɗin batir a jikin bodi da inji, ƙarfen motar kansa ya zama hanyar dawowa. Kowace fitila tana da 'yar gajeriyar waya da aka ɗaure da noti a jikin bodi kusa da ita, shikenan.

Kaga kenan wuraren da matsala za ta iya ɓuya ba su da yawa: batir da kawunansa, fiyus, makunni, riley, wayar da ke kai wuta, soket, shi kansa ƙwan ko hon ɗin, sai wayar bodi. Duk wanda ya ce maka "wayarin ɗin motar nan gaba ɗaya ya lalace sai an kwance" alhali fitila ɗaya ce kawai ta mutu, to ko dai bai iya ba ko kuma aljihunka yake kallo.

Kafin a taɓa komai, tambayar farko ita ce me da me ya mutu tare. Idan fitilar gaba ɗaya ce ta mutu ɗayar tana ci, to makunni lafiyarsa ƙalau tunda shi yake kunna su duka biyun, sai a duba ƙwan da soket ɗinsa da fiyus ɗin ɓangaren, don motoci da yawa hagu da dama kowanne da nasa fiyus. Idan kuma duka biyun suka ɗauke lokaci ɗaya, da wuya ƙwai biyu su ƙone a daƙiƙa ɗaya, sai a koma kan abin da suka haɗa, wato riley ko makunni. Ɗan tunanin nan na minti ɗaya yana rage rabin aikin.

Batir ma a auna shi. Mai lafiya cikakke, mota a kashe, yana nuna wajen 12.6 a mita. Idan ka ga 12.0 ya yi ƙasa sosai. Idan an tada inji ya kamata ya hau zuwa tsakanin 13.8 da 14.5, alamar altaneta tana caji. Don Allah kada ka bari a gwada maka altaneta ta hanyar cire kan batir inji yana aiki, wannan tsohuwar dabara ce ta zamanin motocin kafireto, a motar yanzu tana iya ƙona biren bos, wato kwamfutar motar, ka shiga kashe kuɗin da ba ka shirya ba.

Fiyus: abu mafi arha, kuma wanda aka fi yi wa wulaƙanci

Fiyus ɗan siririn ƙarfe ne da aka ƙera shi da gangan ya narke idan wutar da ke wucewa ta fi ƙarfin wayar, don ya tsinke kafin wayar ta yi zafi ta narkar da robarta. Kowanne da lambarsa a rubuce a kai da kuma launinsa: ja amfiya 10, shuɗi 15, rawaya 20, fari 25, kore 30. Murfin akwatin fiyus yawanci yana da zane da ke nuna wanne ne na me, kuma akwatin ba ɗaya ba ne, akwai na cikin bonet akwai na ƙarƙashin dashbod wajen ƙafar direba.

Idan fiyus ya ƙone sau ɗaya, ka saka irinsa mai lamba ɗaya, ya zauna, to shikenan, wani lokacin tsufa ne kawai. Amma idan ka saka sabo ya sake ƙonewa nan take ko da ka kunna fitila, to akwai wata waya da robarta ta sale tana taɓa bodi, wuta tana komawa batir kai tsaye ba tare da ta bi ta ƙwai ba, shi ne ake cewa ta yi shot. A daidai wannan gaɓar ake tafka ɓarnar da ke cinye motoci. Sai a cire mai 10 a saka mai 30, idan shi ma ya ƙi sai a samo silin waya ko takardar azurfa ta kwalin sigari a naɗa a cusa, fitila ta kama, mai mota ya yi murna ya biya ya tafi. To shot ɗin yana nan bai je ko'ina ba, abin da aka cire shi ne mai tsinkewa, yanzu wayar ce da kanta za ta yi ja, kuma wayoyin mota a dunƙule suke cikin salatif ɗaya, idan ɗaya ta narke sai ta kama maƙwabtanta, ga roba ga soso ga fetur kusa.

Masu aikin da suka iya suna da wata dabara mai kyau ta neman shot ba tare da ƙona fiyus goma ba. Sai su haɗa ƙwan fitila a gurbin fiyus ɗin, muddin shot yana nan ƙwan zai ci da haske sosai, sai su riƙa cire soket ɗaya bayan ɗaya suna motsa wayoyi, da zarar ƙwan ya dusashe ko ya mutu an gano reshen da matsalar take. Wuraren da aka fi kama ɓarawon su ne inda waya ke lanƙwasa kullum, kamar wajen murfin but da tsakanin ƙofa da bodi, sai inda ta ratsa ta cikin hujin ƙarfe, sai kusa da salansa, sai inda aka taɓa yin gyaran bugu aka matse waya da ƙarfe. Ɓera ma na nan, musamman motar da ta daɗe a ajiye ko wadda ake ɗaukar hatsi da ita. Sannan duk wurin da wani ya taɓa yanka waya don saka rediyo, tiraka ko fitilun ado, a fara dubawa daga can.

Riley da aikinsa

Fitilar gaba tana jan wuta da yawa. Ƙwai mai wat 55 yana jan amfiya kusan huɗu da rabi, biyu kenan kusan tara. Ɗan makunnin da ke jikin sitiyari ba a so ya riƙa ɗaukar wannan nauyin, shi ya sa aka saka riley. Kamar maigida ne da yaron shago, makunni magana kawai yake aikawa, riley ne yake ɗaukar buhun. Idan ka juya riley na gama-gari za ka ga lambobi a ƙafafunsa: 85 da 86 su ne na ƙaramar wuta da ke jan maganaɗisu, 30 ita ce babbar wuta daga batir, 87 ita ce mai fita zuwa fitila ko hon.

Gwajinsa babu wuya. Ka sa wani ya kunna fitila ko ya danna hon kai kuma ka ɗora yatsa a kan riley ɗin, idan ka ji ƙas to saƙo yana zuwa daga makunni. Sai dai jin ƙas ba ya nufin lafiyarsa ƙalau, bakin da ke haɗa 30 da 87 a ciki yana iya ƙonewa ya yi baƙi, ya haɗu amma wuta ba ta wucewa. Hanya mafi sauƙi ita ce musanya, a akwatin za ka samu wani riley iri ɗaya da shi sak, lamba ɗaya ƙafafu ɗaya, ka canza musu wuri, idan matsalar ta bi riley ɗin ka gano.

Akwai tsofaffin motoci da ba a saka wa fitilar gaba riley ba tun daga kamfani, irin tsofaffin Golf da suka cika tashoshinmu, wutar gaba ɗaya ta cikin makunni take bi, shi ya sa da sun tsufa fitilarsu take zama ja-ja kamar aci-balbal. A irin wannan, ƙara riley da waya mai kauri daga batir gyara ne mai kyau, ni ina goyon bayansa, amma da sharaɗin a saka fiyus a kan sabuwar wayar kusa da batir. Wanda aka ja ba fiyus shi ne matsala.

Wayar bodi, inda yawancin "aljanun" mota suke zaune

Idan ka ga mota tana abin mamaki, ka taka birki sai sigina ta kama a dashbod, ko ka kunna sigina sai fitilar baya gaba ɗaya ta riƙa lumshewa tare da ita, ko ka kunna fitilar gaba, ɗaya ta yi haske ɗayar ta yi dishi-dishi, kusan kullum wayar bodi ce. Dalili shi ne idan notin da ya ɗaure ta ya yi tsatsa ko ya saki, wutar da ta shiga ƙwai ɗaya ba ta samu hanyar komawa ba, sai ta bi ta cikin wani ƙwan da suka haɗa waya ta nemi mafita, sai ka ga abin da ba a kunna ba yana ci kaɗan-kaɗan.

Wannan matsalar tana yawa bayan an yi wa mota fenti, domin fenti ba ya wuce da wuta, mai fenti ya fesa a wurin, aka mayar da waya aka ɗaure a kan fenti. Tana kuma yawa da damina da kuma bayan an wanke inji da ruwa mai ƙarfi. Gyaranta kuwa kwance noti ne, a goge wurin da samfefa har ƙarfe ya yi fari, a ɗaure tam, a ɗan shafa giris a kai. Mutane sun sha sayen sabuwar fitila sukutum saboda wannan notin.

A nan ne ma ake gane bambancin mai testa da mai mita. Testa, wato ɗan ƙwan nan mai tsini da waya, yana gaya maka akwai wuta ko babu, amma ba ya gaya maka nawa ta iso. Mita ma idan ka cire soket ka auna tana iya nuna maka 12 cif ko da silin waya ɗaya ne ya rage a haɗe, saboda babu abin da ke jan wutar. Gwaji na gaskiya shi ne a auna fitila tana kunne: tsinin mita ɗaya a kan + na batir, ɗayan a bakin ƙwan inda wuta ke shiga, abin da ta nuna shi ne wutar da ta salwanta a hanya, bai kamata ya wuce wajen rabin bolt ba. Haka za a yi daga wayar bodin ƙwan zuwa − na batir, nan kuma 0.2 ma ya isa. Kada ka raina bolt ɗaya, ƙwan halojin, wato wanda aka saba da shi mai zare a ciki, idan wutarsa ta ragu da kashi 10 cikin ɗari haskensa yana raguwa da kusan kashi 30. Shi ya sa wani zai yi ta canza ƙwai yana cewa ba haske alhali wutar ce ba ta isowa.

Sai dai ba kowane rashin haske ne na wuta ba, gilashin roba da rana ta ƙona ya yi rawaya, ko madubin ciki da ya dafe, ko fitilar da ke kallon sama ko gefe bayan gyaran bugu, waɗannan ba aikin waya ba ne.

Ƙwan da ke yawan ƙonewa, da rigimar manyan ƙwai da LED

Idan ƙwai yana yawan mutuwa, kuma ba wuri ɗaya ba, yau na gaba gobe na baya, a auna caji. Regileta ɗin altaneta, mai daidaita ƙarfin caji, idan ya lalace yana iya tura 15 ko fiye, kuma ƙarin kashi 5 cikin ɗari kawai a kan wutar da aka ƙera ƙwai da ita yana rage kwanansa da kusan rabi. Alamar da ke tafiya da wannan ita ce batir yana yawan shanye ruwa ko yana wari, fitila kuma tana ƙara haske sosai idan an taka totur. Idan kuma wuri ɗaya ne kullum, a duba soket ko ya saki, ko ruwa na shiga gidan fitilar, ko gidan yana girgiza saboda kunnensa ya karye. Sannan ƙwan halojin ba a riƙe gilashinsa da hannu, maiƙon yatsa yana sa wurin ya yi zafi fiye da kima ya kumbura, a riƙe shi ta ƙarfen ko da tsumma mai tsafta. Jabu ma akwai shi a kasuwa, ba na musu, amma shi ne na ƙarshe da zan zarga.

Ƙwan H4 na asali, mai ƙafa uku da zare biyu a ciki na ful da na dim, wat 60 da 55 ne. Direbobin dare da yawa suna cire shi su saka mai 100 da 90 don su ga hanya, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce, duk wanda ya bi manyan hanyoyinmu da dare ya san ramuka da dabbobi da motocin da suka lalace a tsakiyar titi ba ko alama. Amma mai wat 100 yana jan amfiya sama da takwas, kusan ninki biyu, a kan waya da soket da makunnin da ba a yi su don haka ba. Sakamakon shi ne soket ya narke ya yi baƙi, makunni ya ƙone, madubin ciki ya dafe, ƙarshenta hasken ya koma ƙasa da na da.

LED kuwa ba ya jan wuta da yawa, wannan gaskiya ne, kuma wanda ya zo da mota daga kamfani ba shi da laifi. Matsalar tana wajen cusa ƙwan LED a gidan da aka ƙera don halojin. Madubin gidan an lissafa shi ne da daidai wurin da zaren ƙwai yake, idan hasken ya fito daga wani wuri daban sai ya watsu, mai motar yana ganin gabansa ya yi fari tas yana jin daɗi, amma nesa ba ya gani sosai, wanda ke tahowa kuma an kashe masa ido. Shi ma sai ya kunna ful don ramuwa, ku biyu ku wuce juna a makance, mai babur ko mai tafiya a ƙasa da ke gefe shi ke kwana a ciki. Masu fitilar HID kuma, mai farin haske da ɗan akwati a bayanta, kada ka sa hannu a wayarta tana kunne, lokacin tashi tana harba dubban bolt.

Sigina, birki da ribas

Sigina idan ta fara ƙiftawa da sauri-sauri a ɓangare ɗaya, ba lalacewa ta yi ba, gaya maka take ƙwai ɗaya ya mutu a wannan ɓangaren, gaba ko baya. Haka take yi idan aka saka LED a gurbin ƙwai mai wat 21, saboda motar tana ganin wutar da ake ja ta yi kaɗan sai ta ɗauka ƙwai ya ƙone. Idan duka ɓangarorin sun ƙi, a danna maɓallin sigina biyu na gaggawa a gani, don a motoci da yawa wutar sigina ta cikinsa take bi, a Golf 4 ma abin da ke sa ƙiftawar a cikin maɓallin yake.

Ƙwan baya mai zare biyu, 21 na birki da 5 na fakin, yana da ƙusoshi biyu a gefe da ba su daidaita ba don kada a saka shi a juye, amma akwai masu danna shi da ƙarfi ya shiga, sai fitilar fakin ta riƙa haske kamar birki, birki kuma ba a ganinsa. Idan fitilun birki duka sun mutu a duba ɗan makunnin da ke saman fedar birki. Idan kuma sun ƙi mutuwa ko an kashe mota, a leƙa ƙasan tabarmar direba, sau da yawa za ka tarar da gutsattsarin wata 'yar roba, ita ce ke danne makunnin idan ka saki birki, da ta tsufa sai ta farfashe, ana yawan ganin haka a Honda da Toyota da Hyundai. Ƙwai biyu masu wat 21 suna jan amfiya uku da rabi, dare ɗaya ya ishe su su kwantar da batir, da safe a ce batir ne ya mutu a je a sayo sabo. Fitilar ribas kuma makunninta a jikin giyabos yake, ba a dashbod ba.

Hon

Hon ya ɗan bambanta da fitila, domin a motoci da yawa maɓallin da kake dannawa ba wuta yake bayarwa ba, haɗa waya yake da bodi don riley ya tashi. Shi ya sa idan wayar nan ta sale ta taɓa ƙarfe, ko riley ya manne, sai hon ya kama ƙara shi kaɗai da tsakar dare ya tada unguwa. Idan hakan ta faru ka cire fiyus ko riley ɗinsa, ba sai ka yanke waya ba.

Idan ya ƙi yi, bi shi daki-daki. Ka danna ka saurara, idan riley yana ƙas to maɓalli da hanyar sitiyari lafiya, matsalar tana gaba: fiyus, bakin riley, waya, ko hon ɗin. A cire soket ɗin hon a ba shi wuta kai tsaye daga batir na ɗan lokaci, idan ya yi ƙara ba shi ne ba. Hon yana zaune ne a gaba bayan giril inda ruwa da laka da ƙura ke dukansa, kuma da yawa, musamman na Toyota, waya ɗaya ce ke shigarsa, ta ƙarfen da aka ɗaure shi yake komawa bodi, to da wurin ya yi tsatsa sai murya ta shaƙe ko ta ɗauke. Yawancin motoci hon biyu ne, mai siririyar murya da mai kauri, idan ka ji muryar motarka ta koma kamar ta babur ɗaya ne ya mutu. Wasu kuma suna da ɗan sukuru a baya na daidaita murya, juyi kaɗan yana dawo da shi.

Idan kuwa riley ba ya motsi sam, ko hon yana yi ne kawai idan sitiyari ya juya wani ɓangare, to matsalar tana cikin sitiyari. Tsofaffin motoci zobe ne na tagulla da ɗan gawayi da ke gogarsa, yana cinyewa. Motoci masu jakar iska kuma wata waya ce mai faɗi siririya a nannaɗe, tana warwarewa tana naɗewa idan ana juya sitiyari, masu aikin suna ce mata kulok sifirin. Idan ta tsinke yawanci ba hon kaɗai ke tafiya ba, fitilar jakar iska tana kamawa a dashbod, maɓallan rediyo na jikin sitiyari su daina aiki. Abin da ya fi tsinka ta shi ne a kwance sitiyari ko rak wajen gyara a bar shi yana juyawa sakaka, a mayar ba a tsakiya ba, juyin farko zuwa ƙarshe sai ta tsinke. Wannan wurin ba na gwaji ba ne, wayoyi masu soket rawaya na jakar iska ne, ba a soka musu testa, kuma sai an cire kan batir an jira 'yan mintuna kafin a taɓa.

Gyaran da aka saba yi shi ne a manna wani maɓalli a gefen dashbod a ja waya. Hon zai yi, amma a lokacin haɗari hannunka tsakiyar sitiyari zai tafi ba gefen dashbod ba, sannan jakar iskar direba tana nan a mace tunda hanyarsu ɗaya.

Masu babur da adaidaita, ku naku ya fi sauƙi. A ƙananan babura da yawa fitilar gaba daga kwayil take samun wuta kai tsaye, shi ya sa take ƙara haske da totur, hon da sigina kuma daga batir. Idan hon yana kukan kwaɗo sai an taka wuta, batir ne ya mutu ko ba ya samun caji, idan kuma ƙwai yana ƙonewa da an ja gudu, regileta ne. Ɗora hon ɗin babbar mota a kan wayar babur ba riley ba fiyus kuwa, ban da damun jama'a, maɓallin hannu yake narkarwa.

To laifin waye, mai gyara ko mai mota?

Masu motoci suna cewa rewaya ba sa bincike, yanka waya kawai suka iya, su murɗa da hannu su naɗe da salatif, ka kawo matsala ɗaya ka koma da uku. Akwai gaskiya a ciki, haɗin da aka murɗa ba a yi masa dalma ba ko ba a matse shi da kan waya ba, yana saki, ya yi tsatsa, ya yi zafi, shi ne tushen matsalar nan ta yau ya yi gobe ya ƙi. Kuma da yawa sun koyi aikin ne a kan Peugeot 504 da tsofaffin motoci, inda kowace waya daga makunni take tafiya kai tsaye zuwa fitila, alhali tun daga irin su 406 na baya-baya da 307 makunnin saƙo kawai yake aika wa wani akwatin kwamfuta da ake kira BSI, shi yake yanke shawarar kunna fitila. A irin waɗannan motocin soka testa a ko'ina ko jan waya daga inda aka ga dama yana iya ƙona akwatin da kuɗinsa ya ninka na gyaran sau da yawa, kuma ko ka je Kofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ka samo na hannu, sau da yawa sai an haɗa shi da motar da kwamfuta kafin ya yi aiki.

Su kuma masu gyara suna da tasu amsar, kuma ni a ganina ta fi ƙarfi fiye da yadda ake zato. Mai mota ba ya biyan kuɗin bincike. Idan mutum ya shafe awa biyu yana bin waya ya gano noti ɗaya ne ya yi tsatsa, ya goge ya ɗaure, sai a ce "au, ɗan wannan ne?" a miƙa masa kuɗin shan ruwa, amma idan ya ce a sayo sabon hon da riley ya ɗaura a minti goma sai a biya ba gardama. Direban haya kuma fasinja na cikin mota, cewa yake "Malam yi min dabara kawai in kai Zariya in dawo," dabarar nan kuma sai ta shekara a jiki. To wanda aka koya wa cewa gaggawa ake biya ba ƙwarewa ba, me kake tsammani zai yi?

Abin da wannan ke jawo wa talaka a fili yake. Mota mai ido ɗaya da dare ana ɗaukarta babur ne sai an zo dab, motar da ba ta da fitilar birki ta bayanta ba ya sanin ta tsaya, ga jami'an FRSC da VIO, da KAROTA a Kano da KASTLEA a Kaduna, waɗanda rashin fitila ko sigina laifi ne da suke tsayar da mutum a kansa, tarar da ɓata lokacin sun fi kuɗin ƙwai nesa ba kusa ba. Ga kuma gobarar da fiyus na 'yan canji zai iya hanawa.

Idan za ka kai gyara, ka gaya wa mai aikin abin da ya mutu, da lokacin da ya fara, da aikin ƙarshe da aka yi wa motar kafin nan, ko fenti ne ko saka rediyo ko wankin inji, don sau da yawa amsar tana can. Ku yi ciniki a kan kuɗin bincike daban tun farko. Idan ya ce abu ya lalace ya nuna maka a mita ko ya gwada shi a gabanka, kuma ka karɓi tsohon da aka cire. Kafin ka bar garejin ka buɗe akwatin fiyus da kanka ka duba ko lambobin sun yi daidai da na jikin murfi, sannan ka sa yaron gareji ya tsaya a baya ka taka birki, ka kunna sigina hagu da dama, ka saka ribas, duk fitilar gaba tana kunne, don wasu matsalolin wayar bodi ba sa fitowa sai an haɗa su lokaci ɗaya.